Jinin Ilu da Katin Habu

Tun da na dawo daga ƙasar Yarbawa ba ku bar ni na kurɓi shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce wai da gaske ne kwanciya suke yi a ƙasa su gai da babba, wancan ya ce wai na ci amala ko ban ci ba. To na gaji. Zan faɗa tun daga farko, wanda ya katse ni kuma na fasa. Amma ku sani tun yanzu, rabin abin da na gani a tafiyar nan har yau ban gane shi ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Sabi'u, na yi shekara goma sha bakwai ina tuƙa motar wani kamfanin fata a Challawa. Muna da wata al'ada a kamfanonin nan wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba. In damina ta faɗi, lebura mai gona a ƙauye ba ya ajiye aiki. Sai ya nemi wanda ya yarda da shi ya ba shi katinsa, wancan ya riƙa shiga da sunansa har a gama girbi. Masu gadi sun sani, shugaban leburori ya sani, ofis ne kaɗai bai sani ba. Ranar da ya sani kuwa kora ce, da mai kati, da mai aro, da wanda ya haɗa su.

Daminar da ta wuce ni na haɗa. Abokina Habu, da ke can ƙarshen Panshekara, zai tafi noma Ringim. Ƙanin matata Ilu kuma ya baro iyalinsa a Maigatari ya zo neman aiki, yana kwana a shagon gidana. Na je na roƙi Habu. Ya yi ta jan ƙafa, ya ce yara shida ne a wuyansa, da katin nan yake ciyar da su. Na dafa ƙirji na ce masa in dai ina numfashi ba wanda zai ji daga bakina.

Ilu ya yi wata biyu yana sauke ɗanyar fata daga manyan motoci, sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Yayarsa Hajara, wato matata, ta yi jinyarsa a gida kwana huɗu. A na biyar jini ya fara zuba ta hanci da dasashi. Na ɗauke shi sai asibitin kamfani, kati na aljihunsa. Sista Ladi, 'yar Kafanchan da ke kula da wurin, ta kwafi abin da ta gani a kati, suna da adireshi, ta tura shi babban asibiti aka keɓe shi a ɗaki shi kaɗai. Aka gwada zazzaɓin sauro, babu. Taifot, babu. Lassa ma babu. Likitoci suka ce sai dai a kai jininsa wani ɗakin bincike da ke gaba da Ilori, inda akwai injin da ke karanta jini. Takardun kai shi ta jirgin sama za su ci kwanaki, manaja kuwa tsoro yake kada a rufe masa kamfani, sai ya ba da mota. Ka ji yadda aka yi jinin Ilu ya shiga kwalba da sunan Habu a jikinta, ni kuma da na ƙulla abin aka miƙo min makulli, Sista Ladi ta zama mai riƙon akwati.

Fita daga Kano ma aiki ne. Daga Challawa muka biya Sharada muka karɓi wata kula mai kauri a wani sito, sannan muka ratsa gari zuwa Bompai neman ƙanƙara. Na ce wa Sista ga masu ƙanƙara nan birjik a Sharada, me zai kai mu cikin cunkoson tireloli da 'yan adaidaita? Ta ce ba irin wannan ba. Da muka isa, wani ƙato mai safar hannu ya fito da wasu fararen dunƙulalle suna hayaƙi. Na kai hannu zan taɓa, ya make ni kamar ya kama ɓarawo. Ya ce ƙonewa zan yi. Ƙanƙara ce fa, amma wai ƙuna take yi. Ya ƙara da cewa kada mu kuskura mu rufe gilashin mota gaba ɗaya, in ba haka ba barci zai ɗauke mu, irin wanda ba a tashi. Na dubi Sista, ta gyaɗa kai kamar abin da kowa ya sani ne. Daga nan muka je asibiti aka sa kwalabe uku a cikin gwangwani, gwangwani a cikin wani gwangwanin, shi kuma a cikin kula mai hayaƙin, muka kama hanyar Zariya da hantsi.

Wajen Kwanar Ɗangora ruwa ya kece, mu kuwa gilashi a buɗe. Hannun rigata na hagu bai ƙara bushewa ba sai a Kaduna. Don in ɗebe kewa na tambayi Sista wai shi injin nan me yake karantawa. Ta ce ita ma ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta ji an ce duk abin da ke cikin jini ba ya ɓoye masa, har uban mutum yana iya faɗa. Wallahi saura kaɗan in sauka daga kwalta. Ta ce lafiya? Na ce rami na kauce wa. Daga nan har Suleja lissafi kawai nake: injin da ya san uban mutum, ai suna ba zai gagare shi ba. Ke nan da hannuna nake tuƙa asirinmu zuwa inda za a tone shi. Na yi tunanin juyawa, na tuna Ilu kwance jini na bin haɓarsa, na ƙara taka mai.

Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma shingayen da muka wuce sun ishi mai zuwa ƙasa uku. Bayan Lambata wani mai kaki ya leƙo ya ga hayaƙi na tsattsafowa daga gefen kula, ya ja da baya ya gyara bindiga, ya ce mu sauka mu buɗe. Sista Ladi ta fito da takardu, ta miƙa masa biro cikin ladabi, ta ce ya buɗe abinsa ba komai, sai dai ya sa hannu tukuna, kuma in ya buɗe zai bi mu asibiti a ajiye shi a ga abin da hali zai yi. Ya dubi biro, ya dubi kula. Da ƙafa ya ture katakon shingen, har da yi mana addu'ar sauka lafiya.

A Bida muka yada zango gab da magariba, a wani ƙaramin otal mai fanfo ba ruwa. Nufawa mutanen kirki ne, suna jin Hausa, kuma shinkafarsu da kifi ban ci irinta ba, sai dai ni a ranar ko zuma aka ba ni ba zan ji daɗinta ba. Kula ba ta kwana a ɗaki saboda hayaƙin, don haka muka bar ta a mota, gilashi a ɗan sassauce, na damƙa wa mai gadi amana, wani dattijo mai carbi.

Bayan sallar asuba na je dubawa. Na ɗaga kula na ji ta yi sauƙi. Na leƙa ta gefen murfi, ƙanƙara ta ragu sosai. Na shafa ƙasan mota, a bushe ƙamas, ko ɗigon ruwa babu. To ku gaya min, ƙanƙara ta ragu ba ta bar ruwa ba, me mutum zai ce? Na tasar wa dattijon nan, na ce ya fito da abin da ya ɗiba, ko masu sayar da zoɓo ya kai wa. Ya rantse, na rantse, mutane suka fara taruwa. Sista ta fito da ɗankwali a hannu ta ce min ita wannan ba ta narkewa, iska take zama ta tafi. Na ce ta tafi ina? Ta ce sama. Na ba dattijo haƙuri har da durƙusawa, ya ce ya yafe, amma da muka tashi mota bai ɗaga mana hannu ba. Kunyar abin har yanzu tana damuna.

Hanyar Mokwa ba hanya ba ce, jerin ramuka ne da tankoki a kwance. Sista na duba agogo tana duba kula, don in sanyin ya ƙare jinin ya lalace, tafiyar ta tashi a banza. Ni kuma, Allah ya yafe min, akwai lokacin da zuciyata ta raya min cewa in ya lalace ai asiri ya rufu. Na yi a'uziyya na kama sitiyari da kyau. Muka haye gadar Jebba da azahar, kogin ya cika ya batse, ban tsaya kallo ba.

Wurin da muka je yana bayan gari, gini ne fari mai tsit kamar ba mutane. Wadda ta karɓe mu Dakta Yemisi ce, siririya mai tabarau. Ta yi bautar ƙasa a Kazaure, tana jin Hausa, sai dai tana jan kowace kalma kamar za ta rera ta. Ta duba sanyin kula ta ce mun iso a kan gaɓa. Aka shigar da kwalaben ta wata taga mai ƙofa biyu, ni kuma aka tsayar da ni a bayan gilashi ina hangen mutane cikin riguna da takunkumi, ba ka gane mace ba ka gane namiji. Na tambaya ina injin yake. Ni a raina ina jiran abu kamar gangar jima ta kamfaninmu, mai rugugi da girgiza ƙasa. Ta nuna min wani ɗan abu a kan tebur, bai kai takalmina tsawo ba, an jona shi da kwamfuta. Na yi dariya don na ɗauka zolayata take yi, ita kuwa ba ta yi ba.

Ta zaunar da ni ta yi min bayani, zan faɗa muku yadda na riƙe, in na yi kuskure ba laifinta ba ne. Ta ce gwajin da aka yi a Kano tambaya yake yi ɗaya bayan ɗaya: ke ce cuta kaza? A'a. Ke ce kaza? A'a. In ba ka san wadda za ka tambaya ba, ba za ka same ta ba. Wannan kuwa ba ya tambaya, karatu yake yi. Wai kowane abu mai rai, har ƙwayar cutar da suke kira bairos, akwai rubutun halittarsa a cikinsa, da haruffa huɗu kacal ake ta jujjuyawa. Za su fara kashe abin da ke cikin jinin, su tace rubutun, injin ya karanta shi gutsi-gutsi, kwamfuta ta ware na mutum gefe, abin da ya rage a gwada shi da na cututtukan da aka riga aka sani. Ta nuna min wani tsohon aiki a allon kwamfuta, layi kan layi ba iyaka. Na ƙura ido ko zan tsinci kalma ɗaya da na sani, ban tsinta ba. Kaina ya ɗaure tamau, amma na riƙa cewa na'am don kada ta ga ƙauyancina.

Da Sista ta fita amsa waya, na rage murya.

"Dakta, don Allah, injin nan yana sanin sunan mai jinin?"

"Ba ya sanin suna," in ji ta. "Lamba kawai muke ba shi. Na mutum ma ba ma dubawa, cutar muke nema."

Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi a fili ba. Ta dube ni ta saman tabarau, na ce murna nake mun iso lafiya.

Kwana biyu muka yi muna jira, kuma a nan ne na ga abubuwan da kuke ta tambaya. E, suna kwanciya. Da idona na ga wani babban ma'aikaci da kwat da takalmi mai ƙyalli ya zube rub da ciki gaban wata tsohuwa mai shara, wai ƙanwar kakarsa ce. Mu da muke taƙama da durƙuso sai na ga ashe wasa muke yi. Kasuwa kuwa ta mata ce, su ne da ciniki, su ne da faɗa. Amala na ci, baƙa ce, miyarta mai yauƙi kamar ta kuɓewa, barkono kuma sai da na yi hawaye mai abincin na tafa min. Abin da ya fi ba ni mamaki ganda. Mu ma muna ci, amma su kowane kwano sai da ita. Na ce wa mai abincin da za su bar mana fatar nan mu jeme da an samu takalma, ta ce takalmi ba ya maganin yunwa. Na sauka a unguwar Hausawa wajen wani mahauci ɗan Gwarzo, hankalina kwance, ina ci ina ƙari. Na buga wa Hajara, ta ce Ilu yana nan yadda yake, ita kuma gajiya ce kawai ke damunta.

Rana ta uku da hantsi Dakta ta kira mu ofis. Ta yi wa Sista Turanci mai tsawo, sannan ta juyo ta yi min da Hausa. Ta ce sun samu. Bairos ne da kaska ke ɗaukowa daga dabbobi, mai aikin ɗanyar fata yana iya kamuwa. Yanzu likitocin Kano za su san yadda za su riƙe shi. Amma abin gaggawa, in ji ta, cutar tana bin jini da aman maras lafiya ta kama mai jinya. Dole yau ɗin nan ma'aikatan lafiya su je gidansa, duk wanda ya taɓa shi ko ya wanke kayansa a riƙa auna zafin jikinsa kullum har mako biyu, wanda ya fara zazzaɓi a ɗauke shi nan take. Ta ɗauki waya, ta jawo fom, ta fara karanta wa na Kano sunan Habu da layin gidansu.

Ni kuma abin da na gani a lokacin hannun Hajara ne cikin baho, tana cuɗa zanin gadon Ilu, ruwan ya yi ja. Matar Habu ko fuskar Ilu ba ta sani ba. Za a je a yi mako biyu ana auna yara shida masu lafiya, ƙofata kuwa ba wanda zai ƙwanƙwasa. Na ce a raina bari in yi shiru, in na fita in buga wa Hajara ta je kemis. Sai na tuna gajiyar da ta ce tana ji. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na miƙe tsaye.

"Dakta, ku dakata. Ba Habu ba ne."

Ta sauke waya fuskarta ta canza, ta ɗauka kwalabe aka musanya a hanya. Na ce a'a, jinin daidai ne, mutumin ma daidai ne, sunan ne na aro. Sau uku ina yi mata bayanin kati da damina da gona, ta kasa gane yadda mutum zai ba da aron sunansa ya tafi noma. Yadda kaina ya ɗaure da haruffanta, haka nata ya ɗaure da katinmu. Sista Ladi kuwa tun kalmar farko ta gane. Ta ce, a hankali, kwana biyar muna tare da kai Malam Sabi'u. Na rasa inda zan sa idona. Dakta ta tambayi wa ya yi jinya, na faɗa. Wa ya ɗauke shi zuwa asibiti, na ce ni. Sai na ga kowa ya ɗan ja kujerarsa baya. Aka auna ni, aka ɗaura min takunkumi, ta goge sunan da ke fom ta rubuta Iliyasu, cikakken sunan Ilu, ta sake buga waya da adireshin gidana.

Dawowa ba ni da labarinta. Sista na kujerar baya, ba ta yi min magana ba sai da muka wuce Jere. Ta ce rahoton da za ta kai ofis ba za ta iya rubuta ƙarya a ciki ba. Na ce ban roƙe ta ba.

Ranar da na yi magana, da la'asar ma'aikatan lafiya suka isa gidana. Washegari zazzaɓi ya rufe Hajara, suka ɗauke ta kafin azahar. Ta yi kwana tara a asibiti, ni ina killace a shago ba a bar ni na gan ta ba, sai dai waya. Allah ya tashi kafaɗunta. Ilu ma ya fito, ya rame kamar ba shi ba, ya koma Maigatari wajen iyalinsa. Takardar kora kuwa ta riga su fitowa, guda uku, tawa da ta Ilu da ta Habu. Shi ya sa kuke ganina yanzu da adaidaita tsakanin Sharada da Panshekara.

Da kwanakina suka cika aka ce ba ni da komai, gidan Habu na fara zuwa. Ya baro gona tun ba a yi girbi ba, ya yi ta zagayen kamfanoni, ko'ina labari ya riga shi. Na same shi a zaure. Ya shimfiɗa min tabarma, ya sa aka kawo ruwa, muka gaisa har da tambayar jikin Hajara. Na fara ba shi labari tun daga Bompai, ina ta kewaye-kewaye, ya ɗaga hannu.

"Na sani," in ji shi. "Da matata ce, abin da zan yi ke nan. Ban ce ka yi laifi ba. Amma in na gan ka, Sabi'u, abinci ba ya wuce min. Ka je, in zuciyata ta sauka zan aiko."

Ya rako ni har bakin layi kamar yadda ake yi wa baƙo. Wata huɗu ke nan. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar gidana ni nake rigan kowa fita, har yanzu dai bai aiko ba.